Halaccin Kifi Bai Halatta Ɓarnar Ruwa Ba

 Akwai tambayar da ta kamata masunta da masu sayen kifi su tsaya su yi nazari a kanta, watau tun da Shari'a ta halatta abin da ke cikin ruwa, shin ta halatta kowace hanyar kama shi?

Babu jayayya game da asalin halaccin. A Suratun Nahli, aya ta 14, Allah Ya lissafa teku cikin ni'imominsa, da naman da ake ci daga cikinta, da adon da ake fitarwa, da jiragen da ke keta ta. A mazhabar Imamu Malik kuwa dabbar ruwa halal ce ko ba a yanka ta ba. To, amma halaccin abu daban, halaccin hanyar samunsa daban. Gero halal ne, amma wanda ya ƙona gonar jama'a don ya tsinci zangarniya ya yi zalunci.

Abin da ya faru a tsibirin Misali ya isa darasi. Wannan ɗan tsibiri yana daura da Pemba, cikin yankin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Masu yawon buɗe ido sukan je can cikin jiragen ruwa su kalli duwatsun murjani, da kifaye launi-launi, da kunkurun teku masu yin ƙwai a bakin gaɓa. Murjani ba dutse ne kawai ba: wasu ƙananan halittu ne suke gina shi sannu a hankali cikin shekaru masu yawa, kuma a cikinsa kifi yake fakewa ya hayayyafa. Amma wasu masunta suka shiga jefa nakiya a ruwa, ta kashe babba da ƙarami, ta rusa gidan kifin kansa. An keɓe tsibirin a 1998, duk da haka doka ita kaɗai ba ta wadatar ba. Wajen shekarar 2000 aka haɗa kai da limamai da malaman makarantun allo, suka riƙa karantar da cewa mutum halifa ne a bayan ƙasa, za a kuma tambaye shi amanar da aka ba shi. Masunta da yawa waɗanda ba su ji maganar hukuma ba suka ji ta Allah, suka bar nakiya.

Kada mai karatu ya ce teku tana da nisa. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato, ta tara ruwan da mutanen Maradun da Talata Mafara da Bakura suke noma da su a cikinsa. Tarwada da karfasar da mutumin Garbadu yake saye ran kasuwar Mafara amanar wannan ruwa ce. A gulaben ƙasar nan an san masu zuba magimfa ko Gamalin, da masu jan gidan sauro a maimakon taru, su kwashe har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana guba da nakiya, amma tun kafin ta Musulunci ya hana cuta da cutarwa. Mai zuba guba ya cuci wanda zai ci, da makiyayin da zai shayar da garkensa, da masuncin da zai fito baɗi ya tarar ba kome.

Wani zai ce talauci ne, ga iyali ga yunwa. Wannan uzuri ne mai nauyi, kuma wajibi ne hukuma da mawadata su taimaka wa masunta da kayan su na ƙwarai. Sai dai lalura tana da iyaka; ba ta halatta wa mutum ya kore yunwarsa ta yau da abincin wasu na gobe ba. Suratur Rum, aya ta 41, ta danganta ɓarnar tudu da ta teku ga aikin hannun mutane.

Saboda haka ya kamata limamai su faɗi wannan a kan mumbari, sarakunan ruwa su tsawata, mai saye kuma ya ƙi kifin da ya san na guba ne. Allah Ya shiryi bayinsa, amin.