An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta a wannan fitowa ita ce: idan mutum ya sayi abu da guminsa, ya zama nasa ke nan, ko kuwa aro aka ba shi? Abin da ya jawo tambayar shi ne labarin na'urar kallon faifan fim.

Sa'ad da faifan DVD ya fito a 1996, kamfanonin fim sun sa masa wani kulle mai suna CSS domin hana kwafa. A 1999 wasu masana kwamfuta, ciki har da wani matashi ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, suka ɓalle kullen. Da faifan Blu-ray ya zo a 2006, sai aka ƙera sabon kulle, wato AACS, wanda ake iya soke makullinsa idan ya faɗa hannun ɓarayi. A 2007 aka ƙara wani mai suna BD+, nan da nan wasu na'urori suka ƙi kunna sababbin faifai har sai da aka sabunta manhajarsu. To, ran da kamfani ya daina aiko da sabuntawar fa? Na'ura lafiyarta ƙalau, amma sabon faifai ya fi ƙarfinta.

Mu marubuta ba za mu yi saurin zargin masu kullen ba, domin ciwon da ke damunsu shi ke damunmu. Mun ga yadda masu satar fasaha suka kassara kasuwar finafinan Hausa a zamanin kaset da faifai, mun kuma san zafin ganin littafinmu a kasuwa da bugun da ba mu san da shi ba. Haƙƙin mai wahala abin karewa ne, babu ja.

Amma fa sai mu duba a kan wa sandar ta sauka. Ɓarawon fasaha ya ɓalle kulle ya ci gaba da cinikinsa. Wanda ya biya kuɗin na'ura, ya kuma sayi faifai na halal, shi aka bari da tagumi. Addini da al'ada sun koya mana cewa ba a ɗora wa wani laifin wani. Haka kuma malamanmu sun ce wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Na'urar da mai ita zai wayi gari ta daina karɓar faifai, alhali ba a gaya masa ba ran ciniki, ai an ɓoye masa aibi ke nan.

Wani zai ce ai kowane abu yana tsufa. Gaskiya ne, sai dai akwai bambanci tsakanin rigar da ta kece don daɗewa da wadda tela ya riƙe bakin zarenta, ya ja ran da ya ga dama.

Saboda haka, a ganinmu, kare haƙƙi yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce haƙƙin mai saye. Wannan jan kunne ne gare mu, musamman yanzu da littattafanmu suka fara komawa cikin waya. Duk matakin da za mu ɗauka a kan ɓarawo, mu fara tambayar kanmu ko zai cuci mai karatun da ya biya. Idan muka ɓata da shi, wa ya rage mana? Allah Ya sa mu dace.