Shin Kyauta Tana Ɓata Niyyar Ɗalibi?



Ya ɗan'uwa matashi, kai da aka damƙa wa ƙannenka a Islamiyyar yamma, a cikin Bici ko ƙauyukanta, ka san yaron da nake nufi. Tun safe yana gona wajen noman gero, la'asar ta yi an ce ya zo hadda. Idonsa na kan allo, zuciyarsa na filin ƙwallo. Kai kuma abu biyu ne a gabanka, dorina ko dabino.

Wasu 'yan'uwa sun ce dabinon shi ne haɗari, wai yaro zai saba karanta Alƙur'ani don abin duniya, ikhlasi ya tafi. Maganarsu tana da nauyi, domin aiki ba ya karɓuwa sai da niyya. Amma a tambaye su, wanda ya yi karatu don tsoron dorina, shi don Allah ya yi?

To, mu koma ga Sunna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, Allah Ya yarda da ita, cewa a Madina suna sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa na gashin tumaki. In yaro ya yi kukan yunwa sai a miƙa masa ya shagala har rana ta faɗi. Sahabbai ke nan, waɗanda suka fi mu sanin ikhlasi. Ba a rubuta wa yaro zunubi tukuna, sabo ake gina masa, niyya tana zuwa tare da hankali.

Malaman allo ma, duk da abin da muke gyara musu, sun gane wannan. Dubi yadda suke kiran babbaƙu: ɗa mai hannu, jim ƙarami koma baya. Harafi ya zama abin da ido ke gani. Ga kuma zayyanar allon sauka, wadda ƙaramin yaro ke hange shekara da shekaru. Kai ma ka rubuta surorin izu a jikin bango, wanda ya haddace sura ya tashi da kansa ya sa mata alama.

Amma ka ji tsoron Allah wajen alkawari. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amiru ta kira shi za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (S.A.W.) ya tambaye ta mene ne, ta ce dabino. Ya sanar da ita da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Malamai nawa ne suka ce "gobe zan kawo maka alewa" suka manta?

Kuma ka riƙa janye kyautar sannu a hankali. Yau kowace sura, gaba kowane izu, kana faɗa masa ladan da ke wurin Allah. Ranar da ya zauna ya wanke allonsa ya buɗe Mus'hafi ba ka ce masa komai ba, ajiye dabinon nan wa ƙaninsa.