Riga da Mai Riga

Masu iya magana kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu kuwa a yau mun bar fuska, riga da gashin kai muke tambaya. Abin da za mu duba a nan shi ne, shin shigar mutum tana iya zama shaida a kan halinsa?

Bari mu fara daga gida. A Nasko, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama cikin masarautar Kontagora, mun tashi muna cin kasuwa ɗaya da Kambari da Fulani. Saurayin Bafulatani kan shigo da kitso a ka da kwalli a ido, Bakambariya kuma da adon gidansu. Mukan tsokane su, wani lokaci har da raini wanda bai dace ba, amma ba mu ɗauki kitso alamar sata ba. Mun yarda kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

To amma a watan Afrilun 2025, lokacin da faɗan 'yan daba ya addabi Minna, Gwamna Umaru Bago ya ba da umurnin a kama masu tukkayen gashin nan da ake kira dada, a aske su. Da suka ta yi yawa, sai ya bayyana cewa 'yan daba yake nufi, ba kowane mai tara gashi ba. Damuwarsa ta gaskiya ce, domin rayuka ake rasawa. Sai dai aska gashi take cirewa, ba ta raba ƙugu da wuƙa.

Da yawa cikinmu da suka yaba wa umurnin sun manta an taɓa auna mu da wannan mudun. A Disambar 2017 an hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja, saboda ta ƙi cire hijabinta. Sai a Yulin 2018 aka rantsar da ita, hijabin na kanta. A 2022 kuma rundunar 'yan sandan Nijeriya ta amince wa mata su ɗaura ɗankwali ƙarƙashin hular aiki. Abin da aka kira saɓa ƙa'ida jiya, ya zama ƙa'ida yau. Idan mun ji zafin a hukunta 'yarmu da mayafinta, da wane baki za mu hukunta ɗan wani da gashinsa?

Wannan ba ya nufin sutura ba ta da iyaka. Kunya ado ce, kuma al'umma na da ikon neman a rufe tsiraici. Haka nan wurin aiki na da ikon gindaya shigar da aikin ke bukata, kamar kakin soja ko tufafin ɗakin tiyata. Amma ƙa'ida daban, hukunci a kan zuciya daban. Ta farko tana cewa ga abin da ya dace da wurin nan. Na biyu yana cewa mun san ko kai wane ne, alhali ba mu sani ba.

Sau nawa muka durƙusa wa mai babbar riga aska takwas wanda ya wawure dukiyar talakawa, muka harari yaro mai yagaggen wando da ke ciyar da mahaifiyarsa da guminsa? Hali ne zanen dutse, riga kuwa tuɓe ta ake yi kowane dare. Kafin mu yanke wa mutum hukunci, ya kamata mu jira mu ga aikin hannunsa.