Tayar Wutsiya Mai Karkarwa

Ƙananan jiragen sama irin su Piper Super Cub, wanda aka fara ƙerawa a 1949 kuma har yau matuƙan Alaska ke ji da shi, tayoyi biyu gare su a gaba, sai wata 'yar ƙarama a ƙarƙashin wutsiya. Wani lokaci jirgi na sauka kan kwalta sai wannan 'yar tayar ta kama karkarwa, dama da hagu, kamar ƙafar keken tura kaya na kanti idan an yi gudu da shi. Jirgin gaba ɗaya ya ɗauki rawa, matuƙi yana jin ta har a tafin ƙafarsa. A kan ciyawa ba kasafai take yin haka ba.

Idan karkarwar ta kama, nan take matuƙi kan ɗan sassauta sandar tuƙi domin nauyi ya ragu a wutsiya. Aikin gaske sai an tsaya.

Mai gaggawa da sifana yake farawa: ya ɗaure noti tamau, ya ja sarƙoƙin tuƙi, karkarwa ta lafa kwana biyu. Tabbas ana duba iskar taya da boris da ƙusoshin da suka saki, amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Tayar tana maƙale ne a ƙarshen sifirin ƙarfe, kuma shekarun sauka suna sa shi ya gaji ya kwanta. Da ya kwanta, sai ƙusar da tayar ke juyawa a kanta ta karkace, samanta ya sunkuya gaba, gindinta ya koma baya. Daidai shi ne ta tsaya ƙyam, ko samanta ya ɗan jingina baya. Tayar da kowa ke zagi lafiyarta lau, wanda ya goya ta ne ya gaza.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, jirgin da ke ajiye babu kaya ba ya tona wannan asiri, domin sifirin kan miƙe kamar sabo. Shi ya sa gogaggen bakanike kan sa a cika tanki, mutane su shiga, a loda kaya, sannan ya durƙusa a gefen wutsiya ya dubi ƙusar. Idan ta sunkuya, sai a sake lanƙwasa sifirin ko a sa sabo.