Ɗan Da Ya Ce Shi Mace Ne: Ina Matsayin Iyaye?

A watan Agusta na shekarar 2024 aka tsinci gawar wadda masu kallon TikTok suka sani da laƙabin Abuja Area Mama a gefen titin Katampe zuwa Mabushi, cikin birnin Abuja. An haife ta da jikin namiji, ta kuwa yi rayuwarta a matsayin mace. 'Yan sanda suka ce suna bincike, jama'a suka yi ta muhawara, har wasu suka mai da abin ba'a. Kaɗan ne suka tuna cewa wata uwa ce ta yi naƙudar wannan rai. Tambayar da wannan mutuwa ta ajiye a ƙofar gidajen masu bi ita ce: idan ɗanka ya girma, ya zo ya ce maka shi mace ne, ko 'yarka ta ce ita namiji ce, tsayawa a bayansa cin amanar bangaskiya ne?

Al'amarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni an san 'yan daudu a Kano da Katsina da Zariya, ana sayen abincinsu a tasha da kasuwa. Abin da ya sake shi ne zafin da maganar ta yi. A watan Janairu na 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya, mai hukuncin ɗaurin shekara 14. A 2022 aka gabatar wa Majalisar Wakilai ƙudurin hukunta mai sa tufafin da ba na jinsinsa ba. A waje kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire wannan yanayi daga jerin cututtukan taɓin hankali a 2019. Tsakanin waɗannan muryoyi iyaye suke tsaye, da kunya da tsoro.

Ikkilisiyarmu tana koyar da cewa Allah ya halicci mutum namiji da mace, kamar yadda Farawa 1:27 ta nuna, kuma ba mu roƙi kowane uba ya ajiye wannan koyarwa ba. Amma ayar nan ɗin ce ta fara da cewa cikin kamannin Allah aka yi mutum. Wannan daraja ba ta dogara ga tufafi ko suna ba. Saboda haka wanda ya riƙe rabin ayar don ya yi hukunci, ya saki ɗaya rabin da ke kāre rai, bai riƙe Maganar Allah duka ba.

Wasu za su ce, ai buɗe masa ƙofa amincewa ne da abin da yake yi. Wannan magana tana da nauyi, sai dai ta haɗa abu biyu da suka bambanta: yarda da ra'ayin mutum, da kiyaye ransa. Uban da ke Luka sura 15 bai tsaya jin bayanin ɗansa ba kafin ya rungume shi. Dawuda ya roƙi jarumawansa su yi wa Absalom sauƙi alhali yaron yana neman kursiyinsa. Filibus ya hau karusar bābān nan na Habasha, mutumin da Shari'ar Musa ta hana irinsa shiga taron jama'ar Ubangiji, ya zauna kusa da shi, ya yi masa baftisma. Ba ɗayansu da ya rasa gaskiya saboda ya matso kusa.

Mu kuma duba abin da kora take haifarwa. Wanda aka kora daga gida a Abuja, inda kuɗin haya ya fi ƙarfin ma'aikaci, titi ne zai karɓe shi, da masu damfara, da masu duka. Kora ba ta taɓa kai mutum gaban bagade ba. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

To, mene ne tsayawa a bayan ɗa? Shi ne a saurare shi kafin a amsa masa. Shi ne a hana dangi zaginsa a taron iyali, a ƙi kai shi inda za a ɗaure shi ko a doke shi da sunan addu'a. Idan an kama shi, uba ya je ofishin 'yan sanda da lauya. Idan an ji masa rauni, uwa ta kai ƙara, gama sashe na 33 da na 34 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane mutum hakkin rayuwa da na mutunci, dokar hana cin zarafi ta 2015 kuma tana aiki a Abuja. Idan baƙin ciki ya yi masa yawa har yana zancen mutuwa, a hanzarta neman likita.

Fastoci da dattawa da zumuntar mata, su ma suna da nasu rabo. Kada irin waɗannan iyaye su zama abin tsegumi bayan sujada. A ziyarce su, a yi addu'a tare da su, a rufa musu asiri. Zuciyar ɗan adam Allah ne kaɗai ya san ta, shi ne kuma zai yi shari'a. Abin da ya danƙa a hannun iyaye shi ne ɗa mai rai, kuma a kansa zai tambaye su.