Daga Gansakuka zuwa Zangarniya

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai raya ƙasa da ruwan sama, Wanda Ya sanya wa kowane tsiro ajali da gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya ɗan'uwa, ƙurar da hunturu ke saukewa a Amarawa da Illela da Ƙonni, wadda ke dushe rana ta tsattsage leɓe, ba rairayi ba ce zalla. Mai yawa daga cikinta tana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wurin da a da can ƙasan tafki ne. Shekaru kamar 7,000 da suka shige, faɗin Tafkin Chadi ya haura murabba'in kilomita 300,000, Sahara kuwa tana da ciyawa da ƙoramu. A cikin ruwan nan akwai wani jinsin gansakuka da ido ba ya gani, masana suna ce masa dayatom, ko wace ƙwaya tana zaune cikin ɓawo mai asali ɗaya da gilashi. Suka rayu, suka mutu, suka kwanta a ƙasan tafkin zamani bayan zamani. Da ruwa ya janye sai ɓawon ya zama farar ƙasa mai sauƙin tashi. Ita iska ke ɗebowa ta watsa mana a gonaki, wani ɓangare kuma ya ƙetare Tekun Atilantika har dajin Amazon, ɗauke da sinadarin fosfaras da itatuwan can suke buƙata.

Mutane sun raina gansakuka. Ana ganinta a gefen randa da saman kududdufi a kawar da kai. Alhali masu binciken duwatsu sun gano cewa iskar oksijin ta fara taruwa a sararin duniya wajen shekaru biliyan 2.4 da suka wuce, kuma wasu ƙananan halittu masu launin kore da shuɗi ne suka samar da ita, da hasken rana da ruwa. Tsirran tudu sun bayyana can baya, kimanin shekaru miliyan 470 da suka shige. Da aka gwada ƙwayoyin gadonsu, sai aka tarar danginsu mafi kusa wata koriyar gansakuka ce ta ruwan daɗi, mai zama a tabkuna da ke cika su ƙafe. Wadda ta saba da ƙafewar tafki ita ta iya zama a gaɓa. Daga zuriyarta aka sami fatar ganye mai hana ruwa tsiyaya, da ƙananan ƙofofin numfashi masu buɗewa da rufewa, da saiwa, da jijiyoyin da ke kai ruwa sama, har aka kai ga iri.

Na san akwai ɗalibin da zuciyarsa za ta yi ɗar a nan, kuma tsoronsa na kiyaye imani abin girmamawa ne. Maganarmu a kan tsirrai take, halittar Annabi Adamu kuwa nassi ya yi bayaninta. Suratul Anbiya'i ta danganta kowane mai rai ga ruwa, Suratul Ankabut ta yi umarni da nazarin farkon halitta. Abu Hanifa Dinawari, wanda ya rayu a ƙarni na tara Miladiyya, ya wallafa Kitabun Nabat yana bin tsiro daga fitowarsa har mutuwarsa, ba wanda ya tuhumi addininsa. Sanin sababi ba ya kore Mai sababi. A ganina ma wanda ya san tsawon zamanin nan, tasbihinsa ya fi nauyi.

Sauyin da tsiro ke yi iri biyu ne, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai wanda tsiro ɗaya ke yi a rayuwarsa, kamar dawa da ke naɗe ganye da tsakar rana don ta tsimi ruwa, ko gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saiwarsa na sha daga can ƙasa. Akwai kuma wanda ke aukuwa a zuriya, sannu a hankali, ba a ganinsa sai an gwada jiya da yau. An yi wannan gwaji a kan gero, a maƙwabtanmu.

A shekarar 1976, bayan babban farin 1973, masu bincike suka zaga ƙauyukan Nijar suka tattara irin gero daga hannun manoma suka adana. A 2003 aka koma waɗannan ƙauyuka aka sake karɓo iri. Sai aka shuka tsohon da sabon a fili ɗaya, ruwa ɗaya, kulawa ɗaya. Yves Vigouroux na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsa na Nijar suka buga sakamakon a 2011. Geron 2003 ya riga na 1976 fitar da kai, karansa ya fi gajarta, zangarniyarsa ma haka. Wata ƙwayar gado mai sa saurin nuna ta yawaita a cikinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, manoman ba su watsar da irin kakanninsu sun rungumi baƙo ba. Sunayen da aka sani a 1976 mafi yawansu suna nan a 2003. Irin ne da kansa ya sauya a cikin shekaru 27.

Yadda abin ya faru a fili yake ga duk wanda ya taɓa riƙe hauya. A gona ɗaya ba a samun kai biyu masu halin ɗaya sak, domin gero iska ce ke kai bununinsa daga wannan kai zuwa wancan. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, mai jinkiri ya tsaya ba ido, mai sauri ya cika. Da kaka manomi ya zaɓi zangarniyar da ta cika, ya ɗaure ta daban, ya rataye a rumbu don shukar baɗi. Fari ya tace, hannun manomi ya ƙara tacewa, Allah kuma Shi ne Ya ajiye bambancin tun farko a cikin irin. Gero ya daɗe a wannan makaranta, don an sami alamunsa a kwarin Tilemsi na Mali tun shekaru kamar 4,500 da suka wuce.

Sai dai kada mu ɗora wa tsiro abin da ba zai iya ba. Saurin nuna yana da farashi, gajeren kai ba ya cika dami kamar dogon kan geron zango. Kuma akwai sauyin da ya fi ƙarfin iri. Tafkin Kalmalo, inda ruwan Majiya ke ƙarewa bayan ya ratso Adar da Ƙonni, dattawa sun san shi da kifi da noman rani, ga shi ya ja baya ƙwarai saboda ƙarancin ruwan sama da tare ruwa a sama da shi. Bado ba shi da dabarar zama a fako.

Abin da ke hannunmu shi ne irin. Manomin da yunwa ta sa ya cinye irinsa, ya koma kasuwa ya sayo wanda bai san asalinsa ba, ya rasa tacewar shekaru masu yawa da aka yi a kan ƙasarsa. Ingantaccen iri na cibiyoyin bincike alheri ne, a shuka shi, amma a bar wa zango da maiwa kunyoyinsu. Ko shibra, wadda ake tugewa saboda tana zubar da ƙwaya tana ɓata iri, haɗin gero ce da danginsa na daji masu jure fari. Tana riga gero nuna, kuma a shekarun wahala ita ake yankowa a yi fura kafin sabon hatsi ya shigo. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai tana da ma'ajiyar irin gero da aka tattaro daga ƙasashen Sahel, kuma asalin abin da ke cikinta daga rumbunan manoma irin na Amarawa aka karɓo shi.