Ɓera Da Tsuntsu: Laifin Wa?

Can a tsakiyar tekun Atlantika ta kudu, wajen mil 1,600 daga birnin Cape Town, akwai wani tsibiri da ake kira Gough. Yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Babu gari a wurin, babu gona, sai 'yan ma'aikata kaɗan masu auna iska da ruwan sama. Tsuntsayen teku ne masu wurin, miliyoyinsu. A 1995 aka sa shi cikin wuraren da duniya duka ta yarda a kiyaye.

Cikin tsuntsayen nan akwai albatiros, wanda faɗin fukafukansa ya kai ƙafa 10. Ƙwai ɗaya tak yake yi cikin shekara biyu. Amma tun ƙarni na 19 ɓeraye suka sauka daga jiragen mafarauta, suka yaɗu, suka koyi cin 'ya'yan tsuntsu da ransu. Tsuntsun bai san gudu ba, gama kakanninsa ba su taɓa gamuwa da abokin gaba a ƙasa ba.

A 2021 ƙungiyar RSPB ta Ingila ta watsa guba ko'ina a tsibirin da jiragen sama masu saukar ungulu. To, ga tambayarmu, 'yan'uwa: daidai ne a kashe wata halitta domin a ceci wata?

Wani zai ce, ai ɓera ma rai gare shi, yunwa ce ta sa shi. Gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma wa ya kai shi can? Ba iyo ya yi ba. Mu mutane muka kai shi. Idan muka naɗe hannu yanzu, ba mu kuɓuta daga zub da jini ba, mun dai zaɓi tsuntsun ya mutu. Ɓera kuwa yana ko'ina a duniya, amma irin albatiros ɗin nan kusan dukansa a Gough yake ƙyanƙyasa. In ya ƙare can, ya ƙare ke nan.

Wani kuma zai ce, me ya dame mu da tsuntsun da ba za mu taɓa gani ba? Amma Mahalicci bai tambaye mu amfaninsa kafin ya yi shi ba. Abin da aka ba mu amana, ba namu ba ne mu ɓatar.

Kada mu ɓoye ƙarshen labarin. A Disamba 2021 aka ga ɓera da rai. Aikin bai ci nasara ba, ko da yake irinsa ya yi nasara a tsibirin South Georgia, wanda aka shaida a 2018 babu sauran ɓera a cikinsa.

Ashe ɓarna ba ta da wuya, gyara ne mai tsada. Duk da haka wanda ya yi ɓarna, bashin gyara yana wuyansa, ko ya gwada ya kāsa. Sai ya sāke.